Gobarar Hunturu a Ƙasar Tsanyawa: Wa Zai Ce wa Maƙwabci Ya Janye Karansa?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi ya shiga ƙasar Tsanyawa, zai lura da abu guda, watau babu daji. Gona ce ke bin gona, iyakar wannan ita ce mafarin ta wancan, sai itatuwan ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya waɗanda manoma suka bari da gangan a tsakiyar gonakinsu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum 157,680 a wannan ƙaramar hukuma, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 492. Wannan ya kama fiye da mutum 300 a kowane murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take ta yi. Saboda haka idan aka ɗauko zancen wutar daji, mutumin Tsanyawa yakan ɗauka maganar mutanen kudancin jihar ce, irin na gefen dajin Falgore, inda ciyawa kan fi tsawon mutum.

Amma dajinmu na nan kusurwar, mu da kanmu muke ɗauko shi mu kawo gida. Daga watan Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da aka gama girbe gero da dawa, aka roro wake, aka cire gyaɗa, gona takan koma fili fetal, gama manomin wannan yanki ba ya barin kome a ƙasa. Kara abincin dabba ne, makamashi ne, danga ce, kuma kuɗi ne. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa, mai kiwon rago ya san abin da take kaiwa idan rani ya tsananta. Duk wannan akan ɗoro shi a kan jaki da amalanke a shigo da shi gari, a jingina kara a bayan ɗaki, a ɗora harawa a kan soro ko a rassan bishiyar tsakar gida, a cika rumbu da damman hatsi, a sabunta danga da zana, a yi wa jinka sabuwar ciyawa. Kafin Kirsimati, kowane gida ya zama tarin busasshen abu, kuma tarin wannan gida yana taɓa na wancan.

Sa'an nan iska ta zo. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ta ratso Hamada ba ta ɗauke da laima ko kaɗan. Mun san aikinta a leɓunanmu da ƙafafunmu, amma abin da take yi wa kara da jinka ya fi haka, domin tana tsotse ɗan sauran ruwan da ke cikinsu har su zama ba abin da suke jira sai tartsatsi guda. A daidai wannan lokaci ne kuma sanyi ke sa mu kusanci wuta fiye da kowane lokaci a shekara. Tsofaffi suna shiga da kaskon garwashi ɗaki, yara suna tara yayi a ƙofar gida da asuba suna jin ɗumi, mata suna ɗora ruwan zafi tun duhu bai washe ba.

Ba sai mun tsaya lissafa hanyoyin tashin gobara ba, gama masu karatu sun san su: tokar da aka kwashe daga murhu aka zuba a juji da sauran garwashi a cikinta, guntun taba, aci-bal-bal ko kyandir da aka yi barci aka bari, samari masu sa wa ramin gafiya hayaƙi a gindin tarin kara, ƙunar sharar gona a watan Maris da Afrilu da tsakar rana. Zamani ya ƙara mana nasa, watau fetur a jarka a ɗakin kwana saboda babur da injin ban ruwa, da wayar lantarki ko ta batirin sola da wanda bai iya ba ya haɗa. Abin da muke so mu tsaya a kai shi ne yadda wutar ke tafiya bayan ta tashi. Ba harshen wutar kaɗai ke cin gida na gaba ba. Iska ce ke ɗaukar guntayen ciyawa masu ci ta tsallake gida ɗaya ko biyu ta sauke su a kan jinkar wanda ke tsaye yana kallo, yana zaton shi ya tsira. Danga kuma, wadda muka kafa domin ta raba mu da maƙwabta, ita ce hanyar da wuta ke bi ta haɗa mu da su.

Doka tana nan, mai tsaron ta ne ya tafi

Babu wani ƙauye a ƙasar Hausa da bai san dokokin gobara ba. Kada a jingina kara da ɗaki. Kada a kafa rumbu kusa da murhu. A yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar. Kada a bar yara da wuta, kada kuma a kulle su a ɗaki a tafi biki ko kasuwa. Kada a sa wa gona wuta ana iska, kuma wanda zai ƙona shara ya gaya wa masu iyaka da shi, ya tsaya har ta mutu. Dattawa suna tunawa da lokacin da sanƙira kan zaga da shela a farkon hunturu, da sunan dagaci, kuma wanda ya ji ya ƙi ya san gaban wanda zai gurfana.

A wancan zamani maganar dagaci tana da ƙarfi domin akwai abin da ke bayanta. Bayan mai unguwa akwai dagaci, bayan dagaci akwai hakimi, bayan hakimi kuma akwai En'e da 'yan dokarta da alƙalanta da gidan yarinta. Ba muna cewa zamanin daɗi ne ba, gama talakawa sun sha wuya a hannun wannan tsari, kuma waɗanda ba su da kowa a fada su suka fi sha. Amma a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da sarakuna masu ba da shawara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, abin da ya sauke wa talaka babban kaya, amma ya kuma kawar da dalilin da ke sa mai unguwa ya shiga kowane gida kowace shekara ya san abin da ke ciki. A 'yan shekarun nan ma, an sa Tsanyawa ƙarƙashin sabuwar masarautar Bichi a 2019, aka kuma rushe masarautar a 2024 aka komar da ita Kano. Duk wannan sama ake yin sa. A ƙasa, mai unguwa yana nan da rawaninsa da girmansa, amma in ya ce a janye kara aka ƙi, ba shi da abin yi sai ya sake faɗa.

Dokar gwamnati kuwa tana nan a rubuce. Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗauki ƙona dukiyar wani da gangan babban laifi. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙunar daji da ƙona abubuwa a fili, ƙarƙashin hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA, inda aka hana sa wa daji wuta ba da izini ba, aka kuma tanadi tara da ɗauri. Sai dai mu tambayi kanmu, manomi nawa ne a ƙauyukanmu ya taɓa jin sunan wannan hukuma, balle ya je neman izininta kafin ya ƙona sharar gonarsa? Kuma yawancin gobarar da ke cinye mu ba ta ganganci ba ce, ta sakaci ce, wadda ba ɗan sandan da zai iya tsarewa.

Game da motar kashe gobara, kada mu ruɗi kanmu. Ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano suna iyakar ƙoƙarinsu, amma Tsanyawa ta fi kilomita 60 daga birnin Kano, kuma ƙauyuka da yawa ba a bakin kwalta suke ba. Ko daga gari mafi kusa motar ta taso, ɗakin jinka ba ya jiran kowa, cikin 'yan mintoci ya zama toka. A watan Maris 2016 kasuwar Sabon Gari da ke tsakiyar Kano ta kama da wuta, ga motocin kashe gobara a gari, amma sai da dubban shaguna suka ƙone. In haka ya faru a birni, mutanen karkara sai su san cewa gobararsu a hannunsu take, kuma yawancin aikin kafin ta tashi ake yin sa.

Me ya sa ake ji a ƙi?

Da sauƙi a ce jahilci ne ko taurin kai, amma ba mu yarda da wannan ba. Mutumin da ya shigo da harawarsa tsakar gida yana da dalili. In ya bar ta a gona ko a bayan gari, ɓarawo zai kwashe, ko dabbobin da aka saki bayan girbi su cinye. Rumbunan da a dā akan jera a bayan gari an janyo su cikin gida tun da satar hatsi ta yi yawa. A ƙarshen 2025, da 'yan bindiga suka riƙa kai hari wasu ƙauyukan Tsanyawa da Shanono na kan iyakar Katsina, tsoro ya ƙaru, kuma mai tsoro ba ya barin kayansa nesa da idonsa. Ga kuma ƙarancin fili. Gidan da kaka ya gina wa 'ya'ya uku yanzu jikoki goma sha ne ke ciki da iyalansu, kowane lungu an yi ɗaki, to ina za a sami tazarar da ake faɗa? Duk dokar da ta ce wa mutum ya fitar da karansa, ba ta kuwa gaya masa inda zai kai shi da wanda zai tsare masa ba, ba za a bi ta ba, kuma ba ma ganin laifin wanda ya ƙi.

Dalili na biyu ya fi wuyar faɗa, shi ne kunya. A ƙauye babu baƙo. Wanda ya jingina kara da ɗakinka ƙanen mahaifinka ne, ko surukinka, ko wanda ya ba ka rancen iri da damina. A ce saurayi ya ga tarin kara a jikin madafar kawunsa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, da an ɗan matsar da karan nan, iskar bana tana da ƙarfi." Amsar da zai samu mun san ta: "Yaro, tun ba a haife ka ba nake ajiye kara a nan." Maganar ta ƙare ke nan. In kuwa mai karan attajiri ne, ko mai sayar da fetur wanda kowa ke cin bashi a wurinsa, ko dattijo a ikilisiya ko a masallaci, ko ɗan gidan mai unguwa, to ba ma wanda zai buɗe baki tun farko. Sai a tsananta wa gwauruwa da ɗan ci-rani, a bar mai ƙarfi. Jama'a kuwa suna gani, kuma da zarar sun ga doka tana zaɓen fuska, sun daina ɗaukar ta doka. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa, amma a wannan sha'ani wanzamin ne ya kamata a fara yi wa.

Akwai kuma karin maganar da mukan fake da ita, cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ma'anarta, kowa ya san abin da yake yi da kayansa, kada a sa masa baki. Tana da gaskiyarta a wani wuri, amma ba a garin da rumbunka ke da taku biyar daga nawa ba. A irin wannan zama, wanda ya yi sakaci da rumbunsa ya yi sakaci da abincin gida goma.

Bayan wuta ta mutu

Mutanenmu sun iya jaje. Wuta na mutuwa za ka ga ana kawo kwanon hatsi, ana kawo zane da tabarma, ana gayyar yankan ciyawa domin sabuwar jinka, zumuntar mata ta tattara abin da ta samu, Musulmi da Kirista ba a tambayar gidan wane ne. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Abin da ba mu iya ba shi ne tambayar yadda aka yi. Da an fara sai a ce ƙaddara ce, a bar zancen. Akwai gobarar da ba wanda ya isa ya hana, irin wadda Bahaushe ya kira gobara daga kogi. Amma tokar da aka zubar ba a jiƙa ba ba daga kogi ta fito ba, daga murhun wani ta fito, kuma in ba a faɗa ba baɗi ma haka za a yi.

In ma an nemi mai laifi, sau da yawa akan ɗora wa wanda ba zai iya kare kansa ba, a ce yara ne, ko a ce Fulani ne suka wuce. Mu yi hankali da wannan. Makiyayin da ya kawo shanunsa cin karan gona shi ne ya fi kowa asara in gonar ta ƙone, kuma zargin da ba shaida yakan haifi abin da ya fi gobarar muni.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san cewa wannan matsala ba sabuwa ba ce. A Littafin Fitowa, sura 22 aya 6, an ba Isra'ilawa doka a kan wutar da ta ƙwace ta cinye tarin hatsi ko amfanin gonar wani, kuma an ɗora biyan asarar a kan wanda ya kunna ta, ko da bai yi nufi ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da hukuncin biyan ɓarna a shari'arsu. Watau a kan wannan babu saɓani a garin, kowa ya yarda cewa sakaci yana da mai shi. Sai dai a aikace, talakan da wutarsa ta cinye rumbuna ashirin da me zai biya? Shi ma nasa ya ƙone. Ko an kai shi kotu an ɗaure shi, hatsi ba zai dawo ba, sai gaba ta shekaru da za ta rage tsakanin dangi. Wannan ne ya sa muke ganin ƙaramar tara da aka ci mutum a watan Nuwamba, saboda ya ƙi janye kara, ta fi babbar diyya da ba za a taɓa biya ba a watan Fabrairu. Ita tara ta farko ana iya biyan ta, ana iya haƙurin ta, a gaisa washegari.

Darasi daga nesa da kusa

Kada mu ɗauka talauci ne kaɗai ke kawo wannan. A Amurka, unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje, wadda duk wanda ya sayi gida a wurin ya zama ɗanta dole, yana biyan kuɗin wata, yana bin dokokinta, in ya karya a ci shi tara. Ranar 30 ga Disamba 2021, a jihar Kolorado, wuta ta tashi a busasshiyar ciyawa cikin iska mai ƙarfi ta lokacin sanyi, ta shiga garuruwa biyu kusa da birnin Bolda, ta cinye gidaje fiye da 1,000 a yini ɗaya. Binciken da hukuma ta bayyana a 2023 ya nuna cewa ɗaya daga cikin wurare biyu da wutar ta faro, tsohuwar ƙunar shara ce da aka rufe da ƙasa kwana 6 kafin ranar, aka ɗauka ta mutu, iska ta tone ta. Masu zubar da toka a juji su ji wannan. An kuma ga yadda shingen katako da ke tsakanin gidaje ya riƙa kai wuta daga gida zuwa gida, daidai yadda dangar kara ke yi mana. Abin mamaki, wasu ƙungiyoyin masu gidajen su ne ke tilasta wa mutane irin wannan shinge domin ado, har sai da jihar ta yi doka a 2024 ta hana su hana mutum yin gini da kayan da wuta ba ta ci da sauƙi. A jihar Kalifoniya kuma doka ta wajabta wa masu gida a wuraren haɗari su share ciyawa da busassun abubuwa har ƙafa 100 kewaye da gida, kimanin mita 30.

Ba mita 30 ɗin za mu kwaikwaya ba, gama a ƙauyukanmu mita 30 gidan mutum uku ne. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne, su ma sun gane cewa maƙwabta ne ke tsaron maƙwabta, kuma sun rubuta dokar, kowa ya san ta, ya san tararta tun kafin ya yi laifi. Mu kuma ɗauki gargaɗin cewa ƙungiya tana iya shagala da ƙananan abubuwa na nuna iko ta manta da abin da aka kafa ta dominsa.

Na kusa ya fi zafi. A watan Afrilu 2021 yara 20 suka mutu a Yamai, sa'ad da azuzuwan zana suka kama da wuta. A watan Nuwamba na shekarar, irin wannan ta sake faruwa a Maraɗi, yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida suka rasu. Bayan ta Maraɗi ne gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar hana sa ƙananan yara a azuzuwan zana. Watanni bakwai ke tsakanin gobara ta farko da ta biyu, kuma kowa ya san haɗarin tun kafin ta farkon. Mu duba rumfunan da yaranmu ke zama a ciki, na makarantar Lahadi da na allo da na boko, mu ga ƙofa nawa ke gare su.

Abin da unguwa za ta iya

Tun da mai unguwa ba shi da bulala, kuma ba ma roƙon a mayar masa, ƙarfin da ya rage shi ne yardar jama'a. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaban gari, yana da 'yan sintiri, yana da limami, wasu suna da fasto. In waɗannan suka zauna da mai unguwa a farkon Oktoba, kafin a fara shigo da kaya, suka amince da dokoki kaɗan, biyar ko shida, aka karanta su a masallaci ranar Juma'a da majami'a ranar Lahadi da kasuwa ranar cin ta, to dokar ta zama ta kowa. Saurayin da zai je gidan kawunsa ba da bakinsa zai yi magana ba, zai ce, "Kawu, gari ne ya aiko ni, kuma daga gidan mai unguwa muka fara." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ke buɗe ƙofa. In ba za a iya faɗin ta da gaskiya ba, gara kada a fita zagayen.

Sa'an nan a warware matsalar wurin ajiya, domin a nan yawancin shawarwari ke mutuwa. A sami fili a yammacin gari ko kudu maso yamma, inda in wuta ta kama iska za ta kai tartsatsin gonaki ba gidaje ba. A share kewayensa da fartanya har ƙasa, a bar hanya tsakanin tarin wannan da na wancan, kowa ya san nasa, 'yan sintiri su sa shi cikin zagayensu na dare, masu kaya su haɗa musu ɗan abin shan shayi. A gida a bar na kwana biyu ko uku kawai. Tsohuwa da gwauruwa da mara lafiya, waɗanda ba su da mai ɗauka, a yi musu gayya, kada a ci su tara a kan abin da ba su da ƙarfin yi. Tarar ta zama ƙarama, a gargaɗi mutum sau ɗaya tukuna, kuma kuɗin kada ya shiga aljihun kowa. A sayi bokiti da shebur da duro da shi, a ajiye inda kowa zai gani, a karanta lissafi a fili. Ranar da aka fara raɗe-raɗin inda kuɗin tara ke zuwa, ranar dokar ta fara mutuwa.

Ba za mu bar wannan ba sai mun ce a sa mata a cikin masu zagayen. Murhu nasu ne, toka su ke kwashewa, su ne ke gida sa'ad da maza suka tafi ci-rani, wanda kuwa ya zo daidai da watannin gobara. Ga shi kuma a gidajen kulle namiji baƙo ba ya wuce zaure, to yaya zai ga inda aka kafa murhu? Kwamitin maza zalla rabin gari kaɗai yake gani.

Akwai wata doka guda da ya kamata a yanke tun ana zaune lafiya, ita ce ta rushe danga. Idan wuta ta tashi, kududdufi ya ƙafe, rijiya na da nisa, abin da ke tsayar da ita sau da yawa shi ne a yi maza a tumɓuke dangar gidajen da ke gabanta, a sauke jinkarsu, a janye karansu, a bar mata fili, a bi abin da ya tsallake da yashi da ɗanyen reshen darbejiya. Amma mai gidan da wuta ba ta kai ba tukuna yakan tsaya ya ce ba a taɓa masa kaya, a tsaya gardama, iska kuwa ba ta jira. A 1666, da gobara ta tashi a birnin Landan, magajin garin ya yi jinkirin ba da umarnin rushe gidajen da ke gaban wutar domin masu su ba sa nan a nemi yardarsu. Ta yi kwana 4 tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Saboda haka a amince tun yanzu cewa in an yi kururuwar gobara, mai unguwa ko wanda ya wakilta yana da ikon cewa a rushe, ba mai neman diyya a kan kowa, kuma gari ne zai yi gayyar mayar wa mai gidan dangarsa da jinkarsa cikin mako guda. A kuma fayyace wanda zai yi wannan magana in mai unguwa ya tafi kasuwa ko yana gona, a ambaci mutum biyu da sunansu a gaban jama'a, domin kada ranar a tsaya ana tambayar wa ke da iko.